Motar Kafinta Za Ta Tashi

Auta: Alo? Salamu alaikum. Yaya?

Yaya: Wa alaikumus salam. A'a, Auta! Yau an tuna da mu ke nan.

Auta: Ina wuni, Yaya?

Yaya: Lafiya lau. Ya gida? Ya yaran?

Auta: Suna lafiya. Ya Anti? Ya nauyin jiki?

Yaya: Da sauƙi, haihuwa yau ko gobe. Ya mai gidan naki, ya samu aikin kuwa?

Auta: Yana can yana ta nema.

Yaya: Allah ya dafa masa. Ya Baba? Yana shagon waldarsa dai ko?

Auta: Yana gida.

Yaya: Gida? Da rana tsaka? Baban da ko zazzaɓi ba ya raba shi da shago?

Auta: Ai ya ɗan ji sauƙi.

Yaya: Sauƙin me? Ke, sauƙin me?

Auta: Yaya... an sare shi.

Yaya: An tsare shi? Wa ya tsare shi? Me ya yi?

Auta: Ba tsarewa ba! Sara! Da adda, a kafaɗa da hannu!

Yaya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaushe?

Auta: Shekaranjiya. Ya sa ni na rantse ba zan gaya maka ba. Ɓarayi ne suka shigo masa shago, rana na tsakiyar kai, za su ɗauke janareta da injin walda. Ka san Baba, sai ya rungume injin.

Yaya: Ba wanda ya kawo ɗauki? Ina mai aski? Ina tela?

Auta: Wane tela? Rabonka da garin nan ya daɗe, Yaya. Tun da kamfanin da ke riƙe da garin ya rufe ake ta tashi. Mai aski ya tafi, mai kanti ya bi shi. Ihu Baba ya yi har muryarsa ta dishe, bango kawai ke amsa masa. Sai da na kai masa abinci na tarar da shi cikin jini.

Yaya: Subhanallahi! Kun je asibiti?

Auta: Nas ɗin asibitin ta gudu tun da aka daɓa wa malamar makaranta wuƙa saboda waya. Mai kemis ne ya ɗinke shi. Yanzu hannun ya kumbura sumtum, jikinsa kamar garwashi, wurin har ya fara wari.

Yaya: To 'yan sanda fa? Alo? Auta?

Auta: Ina jinka! An mayar da ofishinsu babban gari. Wai mutanen da suka rage ba su kai a ajiye musu ofis ba. Kangayen da aka bari kuwa sun zama maɓoyar ɓata-gari. Baba da hannunsa ya ƙera wa rabin garin nan ƙofofin ƙarfe, yau ɓarayi ne ke kwana a bayansu.

Yaya: Ki kwantar da hankalinki. Ƙarshen wata zan nemi hutu in—

Auta: Ba mu da ƙarshen wata! Baba ya gane ɗaya daga cikin waɗanda suka sare shi. Ɗan marigayi mai gadin kamfani ne, har sunansa ya kira. Yau da safe na leƙa, na gan shi tsaye a tsallaken titi, ya zuba wa ƙofarmu ido. Ko kunyar rufe fuska bai yi ba.

Yaya: Wayyo Allah! Ku kulle ko'ina!

Auta: Mu kulle har yaushe? Ka saurare ni. Gidan Kafinta ne kaɗai suka rage a layinmu, su ma ga mota nan a ƙofa suna loda kaya. Garinku za su. Ya ce zai matsa mana wuri, ni da yara da Baba. In motar nan ta tashi, daga mu sai Allah.

Yaya: To ku shiga mana! Me kuke jira?

Auta: Baba ya ƙi. Ya ce ba ya zuwa inda ba a kira shi ba. Wai ɗansa bai taɓa ce masa taho ba, ba zai je ya zama kaya ba.

Yaya: Auta, kin san ɗaki ɗaya ne da ni. Ga Antinki, ga yara, ga mai gidan haya da ba ya son—

Auta: Ni a baranda zan kwana! A bakin ƙofa ma na yarda! Ban roƙe ka gado ba, Yaya, kalma ɗaya nake roƙo. Ka ce masa akwai wuri.

Yaya: Ki bari in ɗan yi magana da—

Auta: Cajina ya kusa mutuwa, tun da aka sace wayoyin lantarki ba mu ga wuta ba. Ka ji hon? Direban ne. Ka dubi girman Allah, Yaya. Uba ɗaya gare mu.

Yaya: ...Kai masa wayar.

Auta: Baba, ga Yaya. A'a, kada ka ɗaga hannun, ni zan riƙe maka.

Baba: Babba? Kai ne? Wannan yarinya ta tayar maka da hankali ko? Ɗan ƙwarzane ne kawai.

Yaya: Baba, ku taho. Akwai wuri. Wallahi akwai wuri.

Baba: Me? Ba na jinka, muryar tana yankewa.

Yaya: Na ce ku taho gidana!

Baba: Auta, wai me yake cewa?

Auta: Ya ce mu taho, Baba! Ya ce gidansa gidanka ne!

Baba: Ke kika faɗa. Ni ban ji daga bakinsa ba.

Auta: Yaya, ɗaga murya, maimaita! Kafinta! Don Allah kada ku tayar, ga mu nan fitowa! Kafin—

Yaya: Baba, ni ne nake kiranka! Ni, ɗanka! Ka taho! Ka ji ni? Baba? Alo? Auta! Alo!