Tayar da aka yi wa sabuwar tsaga

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, ina wuni, ina gajiyar aiki? Ni ce Hajiya Zara daga Zinder, tsohuwar da bakinta bai tsufa ba.

Jikana Sani, wanda nake kira angona, ya sayo wa motar gida tayoyi biyu okaziyo, wato na hannu, baƙaƙe ƙirin, zanensu zurfi kamar sababbi. Na shafa ɗaya na ce, "Angona, wannan sa'ata ce, kwalli kawai aka sa mata." Ya ce, "Kaka, ke da ko jaki kayar da ke yake, me kika sani a mota?" Muka yi dariya.

Ranar da Sani da matarsa suka tafi bikin suna Garagumsa, da tsakar rana, tayar gaba ta fashe, mota ta wuntsila. Matarsa Hadiza ba ta tashi ba. Allah Ya jiƙanta.

Daga baya mai faci ya nuna mana cewa tayar ta riga ta suɗe, da wuƙa mai zafi aka sake tsaga mata zane. Ya ce shekarar taya a gefenta ake rubutawa. Jama'a, ku duba gefe, kada zane ya ruɗe ku. Ni da wasa na faɗa, da ma na yi masa tsawa.

Yau Sani ya daina magana. Na tsokane shi har na gaji, sai ya ce, "Kaka, ni na zaɓo ta." Masu sauraro, ku ba ni shawara: me zan ce da shi?