Takalmin Mu'az a Keke

A Gidan Igwai, wajen jiran keke, wata dattijuwa ta ga Nabila da goyonta tana ta murmushi ita kaɗai.

"Ɗiyata, albishir anka yi miki?"

"Jarrabawar fiziks na ci, Inna. Da na faɗi, da sai maimaita shekara."

"Da goyon? Yaushe kinka yi hadda?"

"Malam ba hadda ya nema ba. Tambaya ya yi: in ka saki abu cikin mota tana gudu, ina zai faɗa? Masu hadda duk suka ce baya."

"Yo ba baya ba?"

"Inna, kullum Mu'az sai ya saki takalminsa cikin keke. A ƙafata nake tsintarsa."

Dattijuwar ta leƙa fuskar yaron. "Ashe malamin naki a bayanki yake!"