Rijiyar da Dakta Ndaman Ya Rufe

Shugaban taro, mai girma wakilin gwamnati, shehunan malamai, mai unguwarmu na Tudun Fulani, malaman addini, Mama Rukayat da 'yarta Husna, jama'a, ina gaishe ku da sallama.

Sunana Irimiya John. Ina magana da yawun mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Shiroro, muka rakuɓe a Tudun Fulani. An ce in taƙaita, kuma in tausasa harshe. Zan taƙaita.

Farfesan da ya rigaye ni ya faɗi yadda masana har a ƙasashen waje suke kafa hujja da binciken marigayi Dakta Ndaman Suleiman. Ban musa ba. Ni a aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, amma na bi takardunsa a waya, ina duba ma'anar kalma ɗaya bayan ɗaya. Rabi na gane. A rabin nan na tarar da mu. Inda aka rubuta "wata unguwa a Minna", mu ke nan.

Damina ta farko da zuwanmu, amai da gudawa ya ɓarke. An binne yara, namu da na 'yan gari. Nan take aka ce mu muka zo da shi. Mai shago ya daina karɓar kuɗi daga hannunmu, sai dai mu ajiye a kan benci. Aka ba mu wa'adi mu kwashe kayanmu.

Dakta ya kasance mutum mai ajiya. Tun kafin mu zo yakan bi rijiyoyi da kwatoci yana ɗibar ruwa a kwalabe, har yara suna kiransa Baba Mai Kwata. Aikinsa shi ne karanta ƙwayar halittar cuta, ya gano asalinta da danginta. Ya gwada ƙwayar da ke cikin marasa lafiyarmu da wadda ya ɗiba a rijiyar bayan kasuwa tun bara waccan, lokacin muna can gida muna noman doya. Iri ɗaya ce.

Ya kasance ba ya aike idan magana mai ɗaci ce. Da kansa ya zo ƙofar mai unguwa ya yi bayani. Wata tsohuwa ta katse shi ta ce, "Likita, bar dogon Turanci. Cutar nan baƙuwa ce ko 'yar gida?"

Ya ce, "'Yar gida ce, Mama. Ta riga waɗannan bayin Allah zama a unguwar."

Wani ya ɗaga murya daga baya, "Nawa suka ba ka?"

Dakta ya dube mu, ya dubi silifas ɗinmu, ya ce, "Kai ma ka duba."

Ba a ba mu haƙuri ba, amma ba a kore mu ba. Aka rufe rijiyar da siminti, aka haƙa burtsatse, cutar ta lafa.

Ya kasance mai faɗa, kada mu ɓoye. Ya taɓa wanke ni tas don na ce masa shi ne ya cece mu. Ya ce shi bai ceci kowa ba, abin da ya gani ya faɗa, kuma da mu muka kawo cutar, haka zai tsaya ya faɗa a gabanmu. Na ji haushi ranar. Daga baya na gane shi ya sa aka yarda da shi.

To ga abin da ya kawo ni. Burtsatsen ya lalace tun kafin Dakta ya kwanta ciwo. Makon jiya aka fasa simintin rijiyar. Ban zargi matan da ke ɗiba ba, domin uwata tana cikinsu. Hadari ya fara haɗuwa. Idan yaro ɗaya ya kwanta, mun san inda za a nuna da yatsa, kuma wanda zai tsaya ƙofar mai unguwa yana kabari.

Wannan kwalbar da na ajiye a teburin manya, daga rijiyar na ɗebo ta da safen nan. Ranka ya daɗe, wakilin gwamnati, matsar da ita daga kusa da taka ta ruwan sha, kada a yi kuskure. Na san ba haka ake ɗiba ba. Malama Vivian, ke ce babbar ɗalibarsa, ke kika san ƙa'ida. Ki zo ki ɗiba da kanki, zan riƙe miki guga. Duk abin da kika gani ki faɗa, ko da a kanmu ya faɗo.

Mama Rukayat, mun ci lokacin mijinki da yawa, ki yafe mana. Husna, idan aka tambaye ki aikin babanki, ki ce akwai yara a Tudun Fulani da suke kwana a ɗaki saboda shi.

Na gode da kuka saurare ni. Allah Ya jiƙan Dakta Ndaman, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma Ya sa a zo rijiyar nan kafin ruwan farko ya sauka. Amin.