Jan Ɗigon da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Mai girma shugaban taro, mai girma wakiliyar hukumar ayyuka, mai unguwarmu, malamanmu, iyayenmu maza da mata, maƙwabta na zaune a kan benci da na tsaye a bakin taga, assalamu alaikum.

Ina godiya ga makarantar da ta ara mana wannan aji, ina kuma godiya gare ku da kuka rufe shagunanku kuka zo. Kun naɗa ni shugaban kwamitin magudana don kuna ganin ina da natsuwa. To, yau na zo gabanku kaina a ɗaure, kuma ina roƙon ku saurare ni har ƙarshe, ko wani zai fahimci abin da ni ban gama fahimta ba.

Kowa ya san duk damina ruwa yana kwana a ɗakunanmu. Hukuma ta yarda ta gina mana babbar magudana, amma gida ɗaya yana kan inda za ta karya kwana, kuma dole a rushe shi. Injiniyoyi ba su ambaci sunan mai gidan ba. Lambobi biyu suka turo, ta arewa da ta gabas, suka ce mu saka su a manhajar taswira, inda jan ɗigo ya sauka, nan ne.

Karo na farko, mun je shagon Dogo mai kwamfuta, ya saka lambobin, muna tsaye a kansa. Ɗigon ya sauka a tsakiyar teku. Jama'a, teku. Na ce, "Dogo, ruwan ne muke son korewa, kai kuma ka kai mu gidansu?" Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce manhajar tana son lambar gabas kafin ta arewa, mu kuma mun juya mata. Me ya sa take son haka? Ya ce ra'ayinta ne.

Na biyu, aka juya lambobin, ɗigon ya fito daga ruwa, amma ya faɗa wani daji mai nisa inda babu ko bukka. Wasu daga cikinku har sun fara yi wa juna barka, wai babu gidan da za a taɓa. Ashe waƙafi aka buga a inda ya kamata a buga ɗigo, manhajar kuwa da ta ga waƙafi sai ta zubar da duk abin da ke bayansa. Ni dai tun ina firamare na san waƙafi hutawa ake yi a kansa, ban taɓa jin yana ɗaukar unguwa ya kai ta daji ba.

Na uku, kuma nan ne abin ya daina ba ni dariya. Da aka gyara, ɗigon ya shigo unguwa, ya zauna daram a kan gidan Baba Kafinta. Da ƙafata na je na faɗa masa. Bai yi mini musu ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙanena, tunda na'ura ta faɗa, shi ke nan. Amma ƙofofin nan da hannuna na sassaƙa su, ba zan bar wa katafila ba." Kun gani da idonku, ya ciccire su ya jingina a bango, labule ne yanzu a bakin ɗakunan iyalinsa. Wallahi duk sanda na wuce ta layin nan sai na sunkuyar da kai.

Jiya mai awon ƙasa ya zo da fenti don ya sa wa gidan alama. Ya dubi saƙon injiniyoyi, ya dubi abin da muka saka, ya ajiye gwangwanin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, nan an rubuta sakan talatin, ku kuma kun saka ɗigo talatin. Sakan talatin rabin minti ne, wato ɗigo hamsin." Na kalli agogon hannuna. Ya ce ba wannan mintin ba, ita ma ƙasa da minti da sakan ake auna ta, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya tsallake layi da yawa. Har yanzu ban gane yadda talatin ta zama hamsin ba, ban gane yadda lokaci ya zama nisa ba. Amma ya gwada lissafinsa a kan famfon bakin titi, ya gwada a kan ƙofar makarantar nan, duk suka faɗa daidai. Da ya saka lambobinmu yadda ya kamata, ɗigon ya tashi daga gidan Baba Kafinta ya koma wani wuri.

Saboda haka, Baba Kafinta, a gaban jama'a nake ba ka haƙuri. Ka mayar da ƙofofinka, gidanka ba ya kan hanya.

Na ga kuna kallon juna, kowa yana lissafin layinsu. Ku kwantar da hankalinku. Roƙona ɗaya ne ga wakiliyar hukuma: a sake saka lambobin yau, a nan, kowa yana gani, domin ɗigon da ya yi ƙaura har haka ba na gaggawar yarda da shi. Idan ya sake sauka inda ya sauka jiya, zan sa hannu kafin kowa, domin a tsakar gidana ya sauka.

Uwar yara, ga ki can a bencin baya. Ki yafe mini da kika ji a nan. Na buɗe baki in faɗa miki da safe, na tarar kina share tsakar gidan, sai na ce miki sannu da aiki.

Allah ya raba unguwarmu da ambaliya, ya saka wa kowa da alheri, ya ba mu juriyar abin da ya hukunta. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.