Tafintan Benga a Malabo

Saniyar Inna aka sayar a kasuwar Auna aka yi mini kuɗin hanya. Don haka ku masu mafarkin Malabo, ku rufe baki ku ji. Kai Sale, ajiye wayar nan.

Na bar Kwantagora da digirina da wani littafin koyon Sifaniyanci, yaren da ake yi a can. Tun a mota nake haddar yadda ake ba da umarni da yadda ake roƙo, shafi bayan shafi, wai in na isa har makaranta zan buɗe wa 'yan ci-rani. Da na isa, aikin gini na samu. Ashe a wurin gini shafin roƙo ba shi da aiki. Ɗan kwangilarmu, wani jan mutum mai warin taba, ba abin da ke fita bakinsa sai "benga, benga", wato yi sauri. Da shi muka yi masa suna.

Da ya ga ina jin yarensu sai ya naɗa ni tafinta, ya ce in na yi wata shida zai yi mini takardar zama. In ba ka da ita, 'yan sanda su kwashe ka kamar buhun gawayi.

To, akwai Baba Ɗanjuma, magini daga Tungan Magajiya, sa'an mahaifina, furfura har gira. Ran nan katangarsa ta ɗan karkace. Benga ya daka mini tsawa: "Gaya masa: rushe, sake, yi shiru!"

Na je na durƙusa. "Baba, sannu da aiki. Da za a ɗan duba kusurwar nan, da ya yi kyau."

Sai ga Benga a kaina. "Abu uku na faɗa, kai wa'azi kake yi? Me kake nema a ƙasa? Miƙe ka faɗa masa yadda na faɗa, da ƙarfi!"

Baba ya gane. Ya ce, "Faɗi, ɗana. Takardarka ce."

Na miƙe. Kalmomin nan na san su sarai, amma wallahi suka ƙi fita. Sai na juya na ce wa Benga "kayate", wato rufe mana baki, tsaf yadda littafi ya koyar.

Sati bai cika ba ina cikin jirgin ruwan Kalaba, an koro ni gida. Kar wanda ya tafa mini. Baba da hannunsa ya rushe katangar a ranar. Har yau yana can, kuma tafintan da aka kawo bayana ba ya durƙusawa.