Ƙunshi Talatin da Bakwai na Inna Tasalla

Assalamu alaikum. Liman, Allah ya gafarta Malam. Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamai da dattawan unguwar Kilomita Biyar, da ku 'ya'yan marigayiya, Alhaji Dabo da Hureira, Allah ya ba mu haƙuri.

Yau kwana arba'in da rasuwar Inna Tasalla. Ta kasance mai magani, ta baro Damagaram ta tarar da dajin da itatuwansa ba su yi kama da na gida ba. Ba ta yi girman kai ba. Ta bi matan ƙabilar Banda da yaren Sangonta mai gargada, har ta san ganyen ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya. Ta kasance ungozomar rabin waɗanda ke zaune nan. Ta kasance kuma mai rowar sani, ba zan ɓoye wannan don ta rasu ba.

Da ciwo ya kama harshenta a damina, mun shiga ɗakinta muka tarar da ƙunshi talatin da bakwai a rataye, babu alama ko ɗaya. Mun san akwai na zazzaɓin yara a ciki, akwai kuma saiwar da masunta ke kashe kifi da ita. A ido duk ɗaya suke. Wata biyu yara na ciwo, muna kallon magani muna tsoron taɓawa.

Sai Allah ya sake mata baki kwana huɗu. Ta sa a kira ni, ta ce, "Ke 'yar lakwal, 'yar boko, shekara ashirin kina raina ni. Ɗauko alƙalamin naki mu ga amfaninsa." Na tuna wata Sista 'yar ƙasar Ailan da ta koyar da mu a makaranta. Ita ma kakarta mai magani ce, Sistar kuma ta adana sanin kakar ta hanyar manna kowane ganye a takarda, da sunansa da aikinsa. Haka muka yi, a littafi guda. Hureira na kwancewa, Inna na sansanawa, ina rubutawa. Guda uku masu dafi ta ture gefe, ta ce, "A ƙona su yanzu, ina kallo." Ranar hankalinmu ya kwanta.

Hureira, littafin yana hannunki, amma bai isa ba. Ki shiga daji, wasu daga matan da suka koya wa Inna suna raye. Ku kuma iyaye mata, 'ya'yanku ko ganyen tafasa ba su iya nunawa ba, abin kunya ne. Nawa biyu za su bi Hureira ran Alhamis, ko suna so ko ba sa so.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata jinkirin, ya sa kwana huɗun nan su zame mata haske a kabari. Amin.