Baurin Shayin Salmatu

A teburin mai shayi, gab da shingen iyakar Jibiya, Malam Zunnuraini yana jiran motar Maraɗi.

Mai shayin ya ce, "Baba, in sauke? Ganyen ya daɗe bisa wuta, bauri zai ɗaure maka harshe."

"Bar shi, ɗana. Haka mai ɗakina Salmatu kan manta da shi. Shekara talatin ina yi mata faɗa."

"Ai da ka koya mata."

"Ta je ganin danginta a Maraɗi, aka rufe iyaka. Can ta rasu, ban samu jana'izarta ba. Sai yau zan ga kabarin."

"Allah ya jiƙanta. Yafe mini, Baba."

Mai shayin ya sauke, ya zuba masa. Tsohon ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Bai kai nata ba. Mayar da shi wuta."